Takardar da na rubuta a bayan asibiti ta fito a fim ɗin da za a nuna wa yaranmu

Admin barka da aiki, don Allah a ɗora mini wannan ba tare da sunana ba, sunayen da zan ambata ma duk na canza su, domin Kafanchan idan ka yi atishawa a tasha sai a yi maka sannu a kasuwa. Ina gaishe da kowa a wannan zaure, manya da ƙanana, Kirista da Musulmi. Don Allah ku ba ni shawara, kuma ku yi haƙuri da tsawon rubutun, na gwada taƙaita shi sau biyu, sai na ga idan na cire wani abu za ku yanke mini hukunci a kan rabin magana.

Ni mace ce, shekaruna ashirin da tara, na yi digiri a fannin koyarwa, na gama bautar ƙasa, yanzu ina koyarwa a wata firamare mai zaman kanta, ranar Lahadi kuma ni ce ke riƙe da ajin manyan yara a makarantar Lahadi ta cocinmu. Ina zaune da mahaifiyata. Yayata, wadda zan kira Rifkatu, ta rasu shekara biyu da suka wuce, ta bar miji da 'ya'ya mata biyu, Alheri mai shekara goma sha ɗaya yanzu, da Salama mai shekara shida. Mijin, Baban Alheri, ma'aikacin ƙaramar hukuma ne, yana kuma noman citta a gonar gidansu da ke wajen Madakiya. Bai sake aure ba, shi ke dafa musu abinci, shi ke kai su makaranta a mashin, kitso ne kawai ya gagare shi, wannan ni ke yi musu duk Asabar. Ina so in faɗa tun yanzu cewa mutumin kirki ne, kada abin da zan faɗa ya sa wani ya zage shi.

Dole in fara da abin da ban taɓa gaya wa kowa ba, ko mahaifiyata. Rifkatu ta yi kwana tara a asibiti. A rana ta takwas ta samu sauƙi sosai, har ta sha kunun acca, ta yi mini tsiya wai na ɗaura mata ɗankwali kamar na tsohuwa. Lokacin shuka citta ne, kuma an riga an kira mutanen gayya don washegari, ita da bakinta ta ce wa mijinta ya tafi, wai citta ba ta jiran mai jinya, ga ƙanwarta nan ai. Ya tafi da sassafe. Wajen ƙarfe goma sha ɗaya jikin ya juya, magana ta tsaya mata, na kira wayarsa ya fi sau ashirin amma gonar babu netwok. Kafin a tura wani a mashin, kafin ya iso, ta riga ta tafi. Ni ce a gefenta, ni ce na riƙe hannunta, kuma ba ta ce komai ba, ko kalma ɗaya.

Ya zo da laka har gwiwa. Bayan ya ganta ya fita bayan ɗakin marasa lafiya ya zauna a wani dakali, na bi shi. Bai yi kuka irin na ihu ba, abu ɗaya kawai yake maimaitawa, “Alheri za ta tambaye ni me mamarta ta ce. Me zan gaya mata? In ce mata ina gona?” Ban san abin da ya shiga kaina ba, har yau ba zan iya cewa tausayi ne ko ruɗewa ba. Na buɗe jakata na ciro takardar magani da likita ya rubuta da safen, wadda ko saya ba mu kai ga yi ba, na juya bayanta na fara rubutu. Na rubuta cewa Alheri ta riƙe karatu, ta riƙe ƙanwarta, kada ta bar waƙa, mama za ta riƙa jin ta. Ina tsakiya shuɗin biron ya ƙare, sai na ƙarasa da jan birona na makin aikin yara. Na Salama da ja na rubuta shi, cewa ta riƙa cinye abincinta, kuma agwagwa ba ta cin mutum. Na sa wannan ne don Salama na tsoron agwagin maƙwabta har ba ta fita tsakar gida, kuma na san haka yayata za ta yi magana, ba ta iya faɗin abu mai nauyi ba tare da ta ɗan saka wasa ba.

A mashin ɗinsa muka koma gida, ina zaune a baya, yana haddacewa da ƙarfi, ina gyara masa. Da muka zo wajen layin dogo ya tsaya a gefen hanya saboda ya rikita na Alheri da na Salama, muka sake daga farko. Sannan ya ninke takardar ya sa a aljihu. A gida ya zaunar da su ya ce yana riƙe da hannun mamarsu har ƙarshe, ga abin da ta ce a gaya musu. Wani kawunmu ya ji, sai ga shi an buga maganar a takardar tsarin jana'iza, ƙarƙashin hoton yayata, kowa ya karanta, matan zumuntar coci suna kuka suna cewa Rifkatu ta tafi da shiri. Bayan wata ɗaya na tambaye shi takardar, ya ce ya yar da ita. Daga ranar ba mu sake maganar ba. A da yana tsokana ta da “ƙaramar matata” kamar yadda ake wasa da ƙanwar mata, ni ma ina ce masa sai ya kawo akuya tukuna, amma tun ranar mashin ɗin nan sai ya koma ce mini Malama.

Da farko na ɗauka alheri na yi. Salama a sati guda ta fara korar agwagi da tsintsiya, tana ce musu mama ta ce ba ku cin mutum, kowa ya yi dariya da hawaye. Ita ba ta tuna fuskar mamarta sosai, wannan maganar ita ce kaɗai abin da take riƙe da shi. Matsalar Alheri ce. Na rubuta zancen waƙa ne don tana cikin mawaƙan yara, kuma Rifkatu ce ke ba da waƙa a zumuntar mata, na zaci yarinyar tana so. Ashe mamarta ce kawai take bi. Muryarta na da daɗi, shi ya sa duk wani taro sai a ba ta waƙa ita kaɗai a gaban ikilisiya, a ce don tunawa da mamarta. Yarinyar nan duk ranar da za ta hau sai ta yi amai a bayan coci. Bara na ce mata idan ba ta so ta huta, ta dube ni kamar na yi saɓo, ta ce, “Anti, Mama fa tana ji na.” Na ce a raina idan ta ƙara girma zan san yadda zan yi.

Yanzu ga abin da ya kawo ni. Matasan cocinmu suna da ƙungiyar wasan kwaikwayo, wani da zan kira Broda Dauda ke shugabanta, bana suka yi hayar kyamara suka yi fim na kusan awa ɗaya don Lahadin iyaye maza, wato wannan Lahadin mai zuwa. Bayan sujada za a nuna shi da farajekta a ɗakin taro, yara da iyayensu maza. A cocinmu ba a nuna wa yara komai sai mutum uku sun kalla sun sa hannu a takarda cewa ya dace, Mama matar fasto, da Baba Dattijo wanda tsohon hedimasta ne, da malami ɗaya daga makarantar Lahadi. Kullum shugabarmu ta makarantar Lahadi ce ke kallo, amma wannan karon Mama ta kira ni bayan addu'ar Laraba ta sa mini fulash ɗin da fim ɗin ke ciki a hannu, ta ce, “'Yata, ke nake so ki kalla, kuma ki fara kalla ke kaɗai tukuna.” A lokacin ban kawo komai a raina ba, har na ɗan ji daɗi an yarda da ni.

Ranar Asabar da rana, bayan na gama wa yaran kitso sun tafi, na kunna a laftof. Labarin wani kafinta ne da matarsa ta rasu ta bar masa yarinya da yaro. Gaskiya matasan sun yi ƙoƙari, sauti ne kawai iska ke ɓatawa wani lokaci. Rabin farko har dariya na yi, uban ya zuba gishiri a kunu, ya ɗaure wa yarinya kai da igiyar buhu, ya kai yaro makaranta da takalmi ƙafa biyu daban. Babu zagi, babu tsiraici, babu duka, akwai akwatin gawa sau ɗaya daga nesa. Har na fara rubuta cewa ya dace. Sai aka zo inda yarinyar ke maimaita wasiyyar mamarta, ta riƙe karatu, kada ta bar waƙa, shi kuma yaron an ce masa talo-talo ba ya cin mutum. Na ce a raina to, an buga a takardar jana'iza, kowa na da ita a cikin Littafi Mai Tsarkinsa, watakila daga nan suka ɗauka suka mayar da agwagwa talo-talo, rashin tunani ne kawai irin na matasa, ya kamata su nemi izini.

Amma fim ɗin bai tsaya nan ba. Can gaba aka koma baya aka nuna ranar rasuwar, uban ba ya nan, ya tafi kai wa wani ƙofa a ƙauye, matar ta tafi ba ta ce komai ba, ƙanwarta ce a gefenta. Aka nuna su biyu a bayan asibiti, ƙanwar tana rubutu a bayan takarda. Aka nuna su a mashin, yana haddacewa tana gyara masa, har ya tsaya a gefen hanya suka sake daga farko. A ƙarshe yarinyar ta je wanke wa babanta riga ta tsinci takardar a aljihu, kyamara ta matso kusa, kuma jama'a, rabin rubutun shuɗi ne, rabi ja. Na tsayar da fim ɗin na ƙara girman hoton. Bai fito tar ba, ba zan rantse ba, amma akwai yadda nake jan wutsiyar harafi a ƙarshen layi wanda tun firamare malamai ke yi mini faɗa a kai, kuma na gan shi. Na yi ta kallon wurin har batir ya mutu. Yatsan yarinyar ya rufe farkon layin ƙarshe, don haka ban ga ko agwagwa ce a rubuce ko talo-talo ba, wannan ne kaɗai abin da ya rage mini na shakka.

Yadda fim ɗin ya ƙare, uban ya durƙusa ya gaya wa 'yarsa gaskiya, ta yi fushi ta gudu gidan kakarta, ta dawo, suka je kabari tare, ya riƙa ba ta labarin abubuwan da mamarta ke faɗa a ranakun da take lafiya, aka sa waƙa, kowa ya rungumi kowa. Ƙanwar matar kuwa, tun daga wurin mashin ba a sake nuna ta ba. Ban sani ba ko lokaci ne ya ƙure musu, ko kuwa haka wanda ya ba da labarin yake ganin matsayina.

Tun ranar ba na iya kallon kowa a coci ba tare da na yi masa wani zato ba, kuma na san wannan ba hali mai kyau ba ne. Na fara zargin wata nas 'yar zumuntar mata da ke aiki ranar, domin ta san Rifkatu ba ta yi magana ba, ta kuma san mijin ba ya nan, shekara biyu tana gaishe ni da wani irin kallo, ko kuwa ni ce nake ganin haka. Amma ita ba ta bi mu a mashin ba, ba ta ga biro ba. Na zargi Mama matar fasto, me ya sa ni, me ya sa ni kaɗai tukuna? Ko wani ya je ya yi mata ikirari, ita kuma ta ga hanyar da za ta bi ke nan? Ko gwada ni ake yi a ga ko zan fito in faɗa da kaina? Har mashin ɗin cikin fim na zarga, kujerarsa ta yage an ɗaure da roba kamar na Baban Alheri, sai na tuna rabin mashinan garin nan haka suke.

Ranar Litinin na tare Broda Dauda a bakin kasuwa, na yi kamar yabo nake yi, na ce labarin ya taɓa ni, a ina ya samo shi. Ya ce, “Kai Anti, labarin kowa da kowa ne ai, Ruhu ne ya ba ni.” Na ce to takardar nan mai rubutu kala biyu fa, wa ya yi wannan dabarar, ta yi kyau. Ya sosa kai, ya ce kayan wasa ne kawai, wani ya ba su, ya manta ko wane ne, abeg in taimaka in sa hannu don sun sha wahala. Sai ya ɗora waya a kunne ya ce ana kiransa, alhali ban ji ta yi ƙara ba. Watakila a shiru ya sa ta, ban sani ba. Da na koma gida na sake duba sunayen ƙarshen fim, bayan fasto da mai janareta da matar da ta dafa musu abinci, akwai layi ɗaya, godiya ta musamman ga wani uba. Iyaye maza a cocinmu sun fi ɗari, na gaya wa kaina haka, amma ban yarda da kaina ba.

Ranar Talata da yamma kwamitin ya zauna. Baba Dattijo ya ce a nuna wa kowa har 'yan ƙanana, wai a ƙasar nan wane yaro ne bai ga akwatin gawa ba, muna ɓoye musu a fim alhali suna gani a layinsu, kuma darasin shi ne uba ya faɗi gaskiya ko da za ta rage masa girma. Mama ta ce a'a, mutuwa ba ita ce damuwarta ba, damuwarta ƙananan yara marayu za su koma gida su fara tambayar ko abin da aka gaya musu ma ƙarya ne, don haka a nuna wa 'yan shekara goma zuwa sama, ƙananan a kai su wani aji su yi zane. Suka ɗan yi musu, Baba ya ce shi ya yi shekara talatin yana riƙe yara, Mama ta ce ita ta haife su. Babu wanda ya ambaci cewa maganar ta yi kama da ta Rifkatu, alhali dukansu sun halarci jana'izar, kuma wannan shirun ya fi komai tayar mini da hankali. Da suka juyo kaina na ce ina so in sake kalla. Aka ba ni zuwa Juma'a. Dokar ita ce idan mutum ɗaya ya ce bai dace ba, ba za a nuna ba, amma sai ya rubuta dalili, kuma za a karanta dalilin a gaban dattawa. Ko an bi ta Mama ma, Alheri shekararta goma sha ɗaya, tana ciki. Kuma ni ce ke duba mata aikin gida kullum da jan biron, babu wanda ya san rubutuna kamarta, ga shi farajekta za ta baza shi a bango kamar allo.

Jiya Laraba bayan na tashi daga makaranta na je gidansu, na same shi a ƙofar gida yana wanke mashin, yaran suna wajen koyon waƙa. Na gaishe shi, na ce na kalli fim ɗin matasa. Ya ce ya ji an ce yaran sun yi ƙoƙari. Na ce, “Baban Alheri, takardar nan da ka ce ka yar, a ina ka yar da ita?” Ya ci gaba da goge taya kamar bai ji ba. Can ya ce, “Malama, ke kika yi karatu. Abin da kika rubuta wa kwamiti, shi ke nan, ba zan ce komai ba.” Na ce ba wannan na tambaye shi ba. Ya matse tsumman, ya ce, “Shekara biyu ina tsayawa a bayan coci da ruwa a gora ina jiran yarinyar nan ta gama amai. Sau nawa na zaunar da ita, bakina ba ya buɗuwa.” Daga nan ya shiga gida da bokitin, bai ce shi ne ba, bai ce ba shi ba ne.

Na tafi ina fushi, kuma har yanzu ban san ko ina da haƙƙin yin fushin ba. Idan shi ne, to ya ɗauki sirrin da na mu biyu ne ya ba matasa, ya ba matar fasto watakila, bai gaya mini ba, kuma yana so 'yarsa ta ji abu mafi nauyi a rayuwarta a ɗakin taro, a tsakiyar ƙawayenta, da biskit a hannu. Wannan ba daidai ba ne a ganina, duk ɗan abin da na karanta game da yara bai goyi bayan haka ba. Amma kuma idan na tuna shi da gorar ruwa a bayan coci, ni da nake cikin aji ban ma san yana tsayawa a wurin ba, sai in ga mutum ne da ya nemi hanya ya rasa, ya bi wadda ya samu. Kuma ba shi ya rubuta takardar ba, ni ce. Shi ƙaryarsa ɗaya ce, cewa yana nan. Waƙar da ke sa ta amai, tawa ce.

A hanyar komawa na haɗu da yaran suna dawowa, Salama ta ruga ta rungume ni, Alheri tana baya tana jan ƙafa. An sake ba ta waƙa ita kaɗai ranar Lahadin nan, kafin a nuna fim. Na ce to Allah ya taimaka, za ki iya. Muka yi ɗan tafiya, Salama ta yi gaba, sai ta ce a hankali, “Anti, da Mama ta san ba na so, kina ganin za ta ce in bari?” Na ce mata me ya kawo wannan tambayar. Ta ce babu, tunani kawai take yi. Wasu ƙawayenta sun fito a fim ɗin a matsayin 'yan makaranta, ban sani ba ko sun ba ta labari, ban sani ba ko ta daɗe da zargin wani abu, yarinya ce mai lura fiye da yadda muke zato. Na ce mata mamarta ba ta taɓa son abin da zai wahalar da ita ba, wannan kam gaskiya ce, ta dube ni kamar tana jiran sauran, ni kuma na ce mu yi sauri hadari ya taso.

To jama'a ga inda nake. Zan iya rubuta bai dace ba, in kawo dalilin marayu irin na Mama, babu wanda zai ƙaryata ni, fim ya mutu, matasa su ji haushina na ɗan lokaci, amma na san ba yaran coci nake karewa ba, kaina nake karewa, kuma Alheri za ta ci gaba da amai kafin ta hau waƙa. Zan iya rubuta ya dace in zauna a baya in bar bango ya yi mana magana, amma ina tsoron ta juyo ta neme ni da ido a cikin mutane. Na yi tunanin a yanke wurin takardar kawai, sai dai idan aka cire shi babu fim, kuma Broda Dauda zai tambaye ni dalili. Abin da zuciyata ke ɗan karkata a kai shi ne a gaya mata a gida kafin Lahadi, amma wa zai faɗa? Idan ni na faɗa, na tona cewa babanta ba ya nan ranar, wannan kuwa ba nawa ba ne in faɗa, shi kuma ya ce bakinsa ba ya buɗuwa. Ko in je in zauna kusa da shi in fara da nawa laifin, ko Allah zai sa ya ƙarasa nasa? Idan kuma ya sake yin shiru ya bar ni a tsakiya fa? Sannan Salama, idan yayarta ta sani, kwana nawa kafin ita ma ta ji, ita da zancen agwagwa ne kaɗai gadonta daga mamarta? Ga mahaifiyata, wadda take ta'azantar da kanta cewa 'yarta ta tafi tana magana.

Masu 'ya'ya, musamman iyaye maza da suka rasa mata, da waɗanda suka taso marayu aka gaya musu wani abu daga baya suka gane ba haka ba ne, ku nake so ku yi mini magana. Da kun so a gaya muku, ko da kun so a bar muku abinku? A wane shekaru, kuma daga bakin wa? Ku gaya mini gaskiya ko da zafi, amma don Allah kada a tsaya a kan cewa na yi ƙarya, wannan na sani, ina roƙon gafara a kansa kullum.

Takardar kwamitin tana gabana a kan tebur, gobe Juma'a da yamma zan mayar wa Mama. Shekara biyu da suka wuce mutumin nan ya tambaye ni me zai gaya wa 'yarsa, na ɗauki biro na rubuta ba tare da na tambayi kowa ba. Yanzu ya sake ajiye mini takarda da biro, wannan karon ina tambaya kafin in rubuta. Me zan sa a ciki, kuma me zan gaya wa Alheri kafin ta hau waƙar nan ranar Lahadi?